Ganjang ɗin Umma Bai Hau Jirgi Ba

Ƙauyen Solmoe, Sunchang
Ranar sha tara ga watan Yuli

Zuwa ga Yayata Gilja,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri daga ƙanwarki Malja. Ina fata takardar nan ta same ki da sauƙi, kina iya tashi zaune, kina cin abinci ko da cokali biyar ne. Yaya jikin? Yaya ƙafar nan da take kumbura? Duk ranar Lahadi ina kunna miki kyandir a coci, har Fada ya haddace sunanki, ba sai na tuna masa ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sassauta miki zafin ciwon nan, ya saka wa 'yarki Heike da alheri kan ɗawainiyar da take yi da ke. Yarinyar nan ta cika 'ya, ni na gani da idona.

Ni dai lafiyata ƙalau. Damina ta sauka da ƙarfinta, yau kwana tara ban ga rana ba, wanki ya ƙi bushewa, gwiwoyina kuma sun fi mutumin talabijin sanin ranar da za a yi ruwa. Ɗana Dongpil yana Seoul da iyalinsa. Yana bugo waya ran Lahadi, ya tambaye ni ko na ci abinci, in ce na ci, ya ce to Mama ki kula da kanki, shi ke nan sai wani makon. Ban ga laifinsa ba, aiki ne ya sha kansa. Ƙauyen da kika sani ya koma gida sha ɗaya masu hayaƙi. Tsoho Yeom mai gyaran kekuna ya rasu a watan jiya, 'ya'yansa suka zo suka kulle gidan suka koma birni a ranar. In na dafa shinkafa tukunya ɗaya sai ta kai ni kwana uku, kuma ina barin talabijin a kunne ne don kawai in ji muryar mutum a ɗakin. Kaɗaici na damuna, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ba don labarin ruwan sama na ɗauki biro ba. Shekaranjiya Heike ta bugo mini waya da guntun yarenmu da take harhaɗawa da ƙyar, ta ce kin matsa mata ta yanki tikiti ta zo lokacin girbi, ta ɗaukar miki ganjang ɗin Umma, ruwan daddawar nan tata ta cikin randa, da na ce miki na manta a baranda. Ki hana ta. Ƙarya na yi miki. Ban manta da shi ba, na taho miki da shi, a filin jirgi aka raba ni da shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi na kai bango. Sau uku ina ɗaukar waya in faɗa miki, da na ji muryarki sai in ɓuge da tambayar ko kin sha magani. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in kin gama karantawa ki zage ni son ranki, na cancanta.

Kin fi ni sanin abin da ke cikin randar nan. Ke kika ba ni labarin yadda Umma ta zo da shi daga gidan iyayenta ranar da aka kawo ta amarya, a ɗan tulu, a kan cinyarta. An ɗora sauran kayan aure a keken shanu, shi kuwa ta rungume shi tun daga Imsil har ƙofar gidan nan, ba ta bari ya taɓa ƙasa ba. Duk shekara in an tace sabon ruwan daddawar waken suya, sai ta zuba shi a kan tsohon, ta ce tsohon ne ke koya wa sabon ɗanɗano, gidan da ya rasa irinsa kuwa miyarsa ta zama ta kowa. Kika tafi Jamus aikin jinya kina da shekara ashirin da biyu. Da Umma ta rasu randa ta faɗo hannuna, tunda matar yayanmu ta ce ita ba ta da wurin ajiye randa a bene hawa na sha huɗu. Na riƙe amana shekara talatin. Sai dai tun rasuwar Baban Dongpil, shekara uku ke nan, ban sake yin sabo ba. Hannu ya ƙi, kuma in yi wa wa? Ina ɗiba ba ƙari, rana ma tana shan nata, har ya koma ɗan kaɗan a gindin randa.

Da Heike ta gaya mini a bazara cewa ciwon dajin ya bazu, kuma kin ce ba abin da kike marmari a duniya sai miyar ganyen teku da ganjang ɗin Umma, sai na ɗauki ludayi na kwashe shi tas. Na tace da ƙyalle, ya cika gorar roba ɗaya, lita guda cif. Na ce a raina surukata daga kanti take sayen nata, jikata Seri ma ba ta san kalar randa ba, to gara ya ƙare a bakin 'yar Umma. Ban bar ko cokali ɗaya ba. Wannan ma wauta ce, na sani, ba sai kin faɗa ba.

Ana gobe tafiya Dongpil ya zo ya haɗa mini kaya, da wata doguwar takarda a hannu kamar mai shirin yaƙi. Ya hau sikelin banɗaki shi kaɗai, ya sauka, ya sake hawa rungume da akwati, ya ce na wuce kilo ashirin da uku. Muka yi ta rigima kan busasshen kifi da garin barkono, yana cirewa ina mayarwa. Ya ɗaure jan ƙyalle a hannun akwatin, wai akwatunan duniya duk baƙaƙe ne, in ban yi alama ba zan jawo na wani. Ya ce magunguna da batirin waya su zauna a jakar hannu, saboda babban akwati yana iya yin nasa yawon. Ya ce duk wani abu mai ruwa ko mai danƙo a naɗe shi da leda biyu, a liƙe bakin da salatif, a cusa shi tsakiyar tufafi a babban akwati. Sau uku yana tambayata ko akwai abu mai ruwa a jakar hannuna, sau uku ina ce masa babu. Na ce masa ni na haife shi, ba shi ya haife ni ba.

Kada ki ce taurin kai ne kawai, ina da dalilina. Maƙwabciyata, tsohuwa 'yar Namwon, wadda kika sani da surutu, ta ba ni labarin zuwanta wurin 'yarta a Kanada. Akwatinta ya bi wani jirgin ya yi kwana biyar a ƙasar da ba ta san sunanta ba, da ya iso kimchi, kabejin yaji da ta ƙunsa, ya fashe a ciki, ya rine rigar da ta saya wa surukinta. Kuma na ga yadda ake wurgi da akwatuna a talabijin, kamar buhunan taki. In sa Umma a ƙarƙashin jirgi, cikin takalman mutane, a yi jifa da ita? Ita da ta ɗauko shi a cinya? A tunanina ruwan da suke hanawa shi ne ruwan sha da lemo. Ganjang abinci ne, kowa ya san wannan. Na naɗe gorar a shuɗin ƙyallen Umma, na tura ta ƙasan jakar hannu, na rungume jakar a cinyata tun daga ƙofar gida har filin jirgi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Mun makara saboda cunkoson motoci. Da ƙyar aka karɓi akwatin, muna ba da shi aka rufe wurin karɓar kaya. Dongpil ya raka ni bakin ƙofar da masu rakiya ba sa wucewa, ya gudu saboda ana jiransa a ofis. Na bi layi kusan rabin awa. Da jakata ta shiga na'urar bincike sai na ga an janye ta gefe. Wata yarinya ma'aikaciya mai farin safar hannu, ba za ta girmi Seri da yawa ba, ta kwance ƙyallen, ta buɗe murfin, ƙanshin ya tashi har mutumin da ke bayana ya leƙo. Ta rufe a hankali ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri, wannan ba zai wuce ba." Na yi mata bayani tun daga Imsil. Na ce ya girmi uwarta, ya girmi kakarta. Na ce yayata ce ba lafiya, shekara hamsin rabonta da shi. Na ce ta ɗanɗana da kanta ta ji ko akwai mugun abu a ciki. Har hannunta na kama, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Ta ce ta yarda da ni, amma doka ce, ko shugabanta ba shi da ikon ɗagawa.

Ta ce akwai wani wuri a waje da suke karɓar irin waɗannan kaya su aika wa mutum gida, sai dai in na fita dole in sake bin layi daga farko. Ta duba tikitina, ta duba agogo, ta duba layin da ya kai har bakin ƙofa, ta ce gaskiya in na fita jirgin zai tafi ya bar ni. Na kira Dongpil, yana tuƙi, bai ɗauka ba. Heike kuma ta riga ta ce mini kada in ɗaga tafiyar ko da mako ɗaya, likita bai ba da tabbas ba. Na tsaya a wurin ba takalmi a ƙafata, don an sa mun cire saboda bincike, mutane na ratsa ni ta hagu da dama, gora a hannu. Ko ke, ko ita. Wallahi Yaya, sai da na yi tunani, kuma ina jin kunyar cewa sai da na yi tunani.

Can na hango wani saurayi yana kwankwaɗe ruwan gorarsa kafin ya jefa ta a kwandon shara. Na tambayi yarinyar ko abin da ke cikin ciki yana wucewa. Ta ce e, ba ta gane inda na dosa ba. Na buɗe na kafa kai. Kurɓa uku na yi, manya, ta huɗun ta ƙi wucewa, idona ya kawo ruwa, maƙogwarona kamar an zuba garwashi. Ni mai hawan jini. Yarinyar ta riƙe mini hannu tana cewa in rufa mata asiri in daina, zai yi mini illa. Na miƙa mata. Ba ta jefa a kwando ba a gabana, wannan kam na gode mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a kan tebur a gefe, ta ninke ƙyallen ta ba ni. Na sa takalmina na tafi ban waiwaya ba.

Awa sha uku a jirgi ƙishirwa na neman kashe ni. Kofin ruwansu kamar murfin kwalba, na roƙa sau huɗu, na biyar kunya ta hana ni. Na kusa da ni wani Bature ne da ya toshe kunnuwansa tun kafin mu tashi, ba wanda zan yi wa magana. Da lokacin shan magani ya yi na ciro 'yar kwalbar ƙwayoyin hawan jini, ina riƙe da ita sai jikina ya yi sanyi. Ashe da na juye ƙwayoyin a hankici na cika ta da ganjang, wataƙila da an bar ni, tunda ƙaramar kwalba suna bari. Cokali huɗu za ta ci, kuma cokali huɗu ya isa miya sau biyu. Ban sani ba ko za su yarda, amma ko tambaya ban yi ba. Da na sani ƙeya ce. Na rufe fuskata da bargon jirgi na yi kuka na ƙoshi.

Sauran kin sani, ko in ce rabinsa kika sani. Kin ga fuskata a kumbure kika ce ƙiba na yi, zaman gwauruwa ya karɓe ni. Gishiri ne, Yaya. Kafin in ajiye jaka kika tambayi ganjang. Na ga yadda kika rame, wuyanki kamar na kaza, idonki a kan jakata, sai bakina ya ce na manta a baranda. Kika yi dariya har da tari, kika ce Malja ba za ta canja ba, tun tana yarinya in an aike ta sayen gishiri da alawa take dawowa. Na yi miki miyar da ganjang ɗin kanti da Heike ta sayo. Kika sha cokali biyu, kika ce ta yi daɗi, kika juya fuska bango. Sannan kika ce, "To ba komai, tunda yana nan." Mako uku na yi a gidan ina yi miki wanka, ina taje miki kai, maganar nan tana cina, kuma na kasa gyara ta.

Da na dawo, jan ƙyallen Dongpil bai hana ni tsayawa awa guda a wurin ɗaukar kaya ba, don rabin tsofaffin da ke cikin jirgin jan ƙyalle suka ɗaura. In Heike za ta yi tafiya wata rana ki ce ta zaɓi wani launi. Na iso gida na tarar da ciyawa ta cinye tsakar gida. Mako biyu ban leƙa bayan ɗaki wurin randuna ba, in zan je shanya sai in zagaya ta gaba. Da na ga hadari ya fara haɗuwa na ce bari in wanke randar in kife ta, a wuce wurin. Na jawo tiyo ke nan sai ga 'yar Namwon ta leƙo ta katanga, ta tambayi me zan yi. Da na faɗa mata, tsohuwar da ke tafiya da sanda ta zagayo da gudu ta fizge tiyon. Ta ce tsufa ne ya taɓa mini kai ko dama can haka nake? Ta sa na zura hannu har kafaɗa. A gindin randar na taɓa wani abu mai tauri kamar dutse, kaurinsa ya kai yatsa uku. Gishirin ganjang ne da ya yi ta kwanciya tun zamanin Umma, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Shekara talatin ina ɗiba ta sama, ban taɓa ganin gindin randar a bushe ba. Ta ce iri bai mutu ba, in aka zuba sabo a kai zai narke a hankali ya ba shi ɗanɗanonsa.

Ta ce in ɗebi nata na bana in zuba don a yi sauri. Na gode mata na ƙi. Nata dafa shi take yi, yana da zaƙi-zaƙi, ke kuwa cokalin farko za ki gane, kuma na gaji da yi miki ƙarya. Na ɓantari ɗan gishirin na jiƙa a ruwan ɗumi na gwada miya, ƙanshin ya zo amma daga nesa, bai kai ba. Sai an yi shi yadda ake yi. Don haka na nome gonar bayan coci da ta shekara uku a kwance, na shuka waken suya da hannuna, kwana shida ina yi ina hutawa. Ya fito, Yaya, har ya kai tsawon tafin hannu. Ke kin san lissafin. A girbe a watan Oktoba, a dafa a daka a cura a rataye farkon hunturu, a jiƙa a ruwan gishiri ranar doki ta watan farko a kalandarmu ta gargajiya, a tace bayan kwana sittin, a zuba a randar Umma, a bar rana ta yi aikinta. Ba zai nuna ba sai girbin baɗi. Wata goma sha biyar daga yau. A wannan karon leda biyu, salatif, tsakiyar babban akwati, da ƙaramar kwalba a jakar hannu ko da akwatin zai yi yawo. Na koyi karatuna.

Na san abin da likita ya gaya wa Heike, ta faɗa mini a kicin ranar da zan taho. Ya ce da wuya ki ga ƙarshen hunturu. To ni ban san shi ba, ke na sani. Shekara arba'in kina gardama da likitocin Jamus a asibitinsu, kina gaya musu sun yi kuskure, kuma sau da yawa ke ce da gaskiya. Ki ƙara wannan ɗaya. A cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar farar takarda a ninke, ki buɗe a hankali kada ya zube. Gutsuren gishirin ne, kamar ƙwayar wake. Shi ba ruwa ba ne, ba mai ƙwace shi. Kada ki ba Heike ta sa a miya, ki ɗora a harshe ki bar shi ya narke da kansa.

Ki gaishe mini da Heike da mijinta Torsten, ki ce masa har yanzu ina sa safar ulun da ya ba ni. Ki shafa mini kan 'yan biyunsu. Dongpil da Maman Seri da Seri suna gaishe ki, su ma ba su san wannan labari ba, ke kika fara ji. 'Yar Namwon ta ce in gaya miki tana nan ba ta mutu ba, kada ki kuskura ki riga ta.

Ban da ke ba wanda ya rage a duniya da zai sha miyar nan ya ce mini ta yi ko ba ta yi ba. In kika tafi, ni kaɗai zan buɗe randar. Ki jira ni, Yaya.

Taki ƙanwar da ba ta jin magana,
Malja